Agwagin Amang Barkati Masu Tsinin Baki

Shekara goma sha tara Amang Barkati ya yi yana gadin wani shagon firji da fanka a birnin Banjarmasin. Ko noti ɗaya bai taɓa kwancewa ba. Aikinsa buɗe ƙofa, da nuna wa masu babur inda za su ajiye. Amma da gwiwa ta fara gardama, ya tattara ya bi matarsa Acil Rusmini zuwa ƙauyensu Baruh Tinggi, da sunan injiniya ya sauka daga kwalekwale. Kayansa kuwa mataccen firji ne da maigidansa ya yi masa sallama da shi, sai biro uku a aljihun gaba, babu mai rubutu a cikinsu.

Kwanansa uku a gari ya iske surukarsa, Nini Mastika, a barandarta tsakanin kwandunan ɓuntun shinkafa. Tsohuwa ta zaro ƙwan agwagwa daga cikin ɓuntun, ta manna shi a fatar idonta, ta yi jim, ta mayar.

"Uma, ciwon ido kike yi?"

"Ɗumi nake ji. In ya yi yawa in rage ɓuntu, in ya yi kaɗan in ƙara."

"Kwana nawa kuke wannan wahala?"

"Ashirin da takwas. Haka na tarar, haka zan bari."

Amang Barkati ya girgiza kai irin na mai tausayi. Daga nan bai zame ko'ina ba sai rumfar kofi ta Julak Asmuni, inda mazan gari ke zama da hantsi. Ya hau benci ya gyara birukansa.

"Jama'a, na ga abin da ya hana garin nan ci gaba. Duniya ta kai wata, ku kuna auna zafi da ido. Ni zan ƙyanƙyashe muku ƙwai a kwana sha huɗu."

Julak Asmuni, dattijo mai haƙori huɗu da baki ɗari, ya ajiye butar kofi. "Da me, Amang? Kai za ka hau kai ka kwanta?"

Aka kwashe da dariya. Amang Barkati ya bari ta lafa.

"Da lantarki. Ƙwai ne zai ƙyanƙyashe ƙwai: ƙwan fitila a sama, ƙwan agwagwa a ƙasa. Lissafi ne, Julak. In ɗumi kaza ya ci kwana ashirin da takwas, ka ninka ɗumin biyu, ai ka raba kwanakin biyu."

"To ka ninka shi ashirin da takwas mana, mu ci gasasshiyar agwagwa gobe."

"Kifin rijiya ke nan," in ji Amang Barkati, ya shanye kofinsa ya tashi.

Albarkacin 'yarta, Nini Mastika ta ba shi ƙwai talatin masu kyau. Ya kwantar da firjin nan a tsakar ɗaki, ya jera masa ƙwan fitila takwas, sannan don kada a ce ya yi rowa, ya jona dutsen gugar matarsa ya cusa a kusurwa. Ya rufe, ya jawo kujera gefe ya harɗe.

Kafin la'asar wani ƙamshi ya cika gidan, ya bi gadar katakon da ta haɗa gidajen garin a kan ruwa ya shiga maƙwabta. Acil Rusmini ta leƙo daga kicin.

"Baban Saniah, me ka ɗora?"

"Ban ɗora komai ba. Aikin inji ne."

"To injinka ya nuna."

Ya ɗaga murfi, turiri ya buge shi a fuska. Yana cikin fifita da hula sai ga Julak Asmuni a bakin ƙofa, da gishiri a hannu ɗaya, dakakken barkono a ɗaya, mutum huɗu na biye da shi.

"Salamu alaikum. Mun ji an yi haihuwa, muka ce bari mu zo barka."

Suka zauna suka ɓare suka ci. Julak ya lashe yatsa ya ce, "Amang, gaskiya ɗaya ce. Tunda nake ban taɓa cin dafaffen ƙwai da ba a jiƙa shi da ruwa ba. Kai injiniya ne."

"Gwaji ne," in ji Amang Barkati, shi ma yana ɓare na uku. "Kowane inji sai an ga iyakar ƙarfinsa tukuna."

Da ya koma wa surukarsa neman ƙari, ko ɗago kai ba ta yi ba. "In yunwa kake ji, ka ce a zuba maka shinkafa."

Sai ya juya kan na gida. Acil Rusmini tana da agwagi ashirin a keji ƙarƙashin ɗaki, ƙwansu take jiƙawa da gishiri tana kai wa kasuwa. Ta tarar da shi yana kwashe na kwana uku.

"Baban Saniah, waɗannan ba na ƙyanƙyasa ba ne. Agwagina ba su da toro."

"Toro!" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Maman Saniah, to aikin me lantarki yake yi? Toro ai na mutanen da ne."

Ta juya ta koma kicin. Shekara talatin da aure ta koya mata inda magana take ƙarewa.

Wannan karon ya rage fitilu zuwa biyu, ya cire dutsen guga, ya toshe kowace kafa da tsumma don kada ɗumi ya tsere, ya danna kwaɗo. Ba juyawa, ba dubawa. Wai ƙwai kamar tukunyar shinkafa yake, yawan buɗewa ke ɓata shi. Kwana sha huɗu suka zo suka wuce shiru. A rumfa kullum Julak sai ya tambaya, "Ya mai jego?" Shi kuma ya ce, "Suna ƙara ƙwari a ciki. Nawa da gashinsu za su fito."

Ranar kwana na ashirin da biyu ta faɗo Alhamis, kuma zagayen karatun Yasin na matan gari ya faɗo gidan Acil Rusmini. Tun safe take soye-soye. Ta lulluɓe firjin da zane mai furanni, ta roƙi mijinta ya tafi rumfa ya zauna har a watse. Ya tafi. Amma yana zaune yana hango mata suna hawa gidansa ɗaya bayan ɗaya, su wajen talatin, har da matar mai gari cikin farin mayafi, zuciyarsa ta ce masa: ina za ka sake samun taro irin wannan?

Ana shafa addu'a ya yi sallama ya shigo.

"Iyayena, kafin a sha shayi, bari ku ga abin da jikokinku za su riƙa ba da labari."

"Baban Saniah…" in ji matarsa.

Ya yaye zane, ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga murfi. Wari ya fito kamar an kwance shi daga mari. Matan gaba suka toshe hanci.

"Warin haihuwa ne," in ji shi, idonsa na hawaye. Ya ɗauko ƙwai ɗaya ya miƙa wajen kunnen matar mai gari. "Hajiya, saurara ki ji motsi." Ya ƙwanƙwasa shi da biro.

Fus! Baragurbi ya tarwatse a kan farin mayafi. Ya firgita ya ja da baya ya bangaje firjin, na ciki suka amsa: fus, fas, fus! Mata suka yi ƙofa gaba ɗaya, ana salati ana tari. Takalma suka zube ruwa. Wata tsohuwa da aka shekara ana kawo ta a riƙe, ita ta fara isa ƙarshen gada. Kyanwar gidan ma ta bi taga, ba a sake ganinta ba sai bayan kwana huɗu.

Da gida ya yi shiru, Acil Rusmini ta zauna tsakanin farantan waina da ba wanda ya taɓa. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"A garin nan aka haife ni. Yau da wane ido zan je gidan mai gari? Ka ji ni da kyau, Baban Saniah. Ka fitar mini da akwatin nan daga ɗaki. In ka sake kunyata ni, kwalekwalen da ya kawo ka bai ruɓe ba. Ka koma birni wajen 'yarka Saniah ka yi mata gadin ƙofa."

Maganar ta shige shi. Shi dai ya san a birni babu wanda zai kira shi injiniya, kuma babu mai dafa masa miyar kifi irin tata. Ya wanke ɗaki da hannunsa, ya ja firjinsa zuwa rumfar ajiyar kaya a bayan gida. Amma yana wanki yana tunani, kafin ya gama ya gano mai laifi. Ƙwan ƙauye ne. Bai saba da lantarki ba.

Ranar Laraba ya shiga kasuwar agwagi. Rumfa rumfa yana tambayar ƙwan da ya waye, masu ƙwai suna kallon juna. Can gefen kasuwa wani mutum mai baƙin tabarau ya yafito shi.

"Ranka ya daɗe, daga ganinka ba ɗan nan ba ne. Injiniya ne ko likita?"

Amang Barkati ya ji kamar an shafa masa mai. "Injiniya."

"Na faɗa! To irinku nake jira." Ya waiga hagu da dama, ya ɗaga buhu daga kan wani kwando. Ƙwai ne arba'in, ƙanana, ja-ja, ba shuɗi irin na gari ba. "Agwagwar Holand. A inji aka haifi uwarsu, a inji aka haifi kakarsu. Kwana ashirin da ɗaya cif suke fitowa."

"Ashirin da ɗaya!"

"Sai dai abu guda, kada ka tsorata. Da tsinin baki suke fitowa, yatsunsu a rarrabe. Saboda sanyin ƙasarsu ne. Amma suna taɓa ruwa baki zai baje, ƙafa ta haɗe. Jahili in ya gani sai ya ce wani abu daban. Shi ya sa ba na sayar wa jahilai."

Amang Barkati ya kwance agogonsa na hannu ya ba shi, ya rungumi kwando ya rufe da riga. Da ya waiga don ya tambayi irin abincinsu, mai tabarau ya riga ya shige cikin mutane.

Wannan karon dai ya yi hankali, ko da yake ba zai taɓa yarda ba. Kullum sai ya je gaida surukarsa, ya zauna yana zancen ciwon gwiwa, idonsa na kan hannunta. Ya ga tana juya ƙwai safe da rana da yamma, ya koma ya juya nasa. Ya ga tana yayyafa ruwa, ya ajiye kwanon ruwa a firji. Ya huda wa murfin ƙofofin iska. Wata rana matarsa ta hango shi ta tsagar katako ya manna ƙwai a fatar ido.

"Ciwon ido kake yi?" ta ce daga waje.

"Binciken kimiyya nake. Matsa daga nan."

Ranar kwana ashirin da ɗaya da sassafe ya buɗe murfi ya ji tsiyau-tsiyau. Ga su nan, ƙanana, rawaya-rawaya, suna tangaɗi cikin ɓawo. Baki da tsini, yatsu a rarrabe, kamar yadda mai tabarau ya faɗa. Amang Barkati ya durƙusa, ƙwalla ta cika masa ido. Shi ne nan, shi da hannunsa! Ya ƙirga talatin da shida, ya sake ƙirgawa don daɗi.

Acil Rusmini tana shanya ta tsaya cak, ta karkata kunne.

"Baban Saniah, wannan kukan… buɗe in gani."

"Gobe Juma'a kowa zai gani, ke ma a layi."

"Don Allah ka saurare ni. Ɗan agwagwa ba haka yake kuka ba."

"Na Holand ne. Da yarensu suke yi."

"Ni dai na ce ka bari Uma ta duba kafin ka tara mutane."

"Ta duba ta sace mini fasaha? Maman Saniah, gobe za ki shiga gidan mai gari da kanki a sama."

Ya bi gari gida gida yana gayyata. Washegari ana sallame Juma'a, mutane suka cika matsayar kwalekwale da ke gaban masallaci, kowa da sabon zanensa da hularsa. Mata suka jeru a kan gada, amma nesa-nesa, matar mai gari ta fi kowa nisa. Mai gari da kansa ya tsaya a gaba. Amang Barkati ya iso da babban kwando a rufe da zane, ya ajiye a bakin katako, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, dattawa, jama'a. An yi mini dariya. An ci mini ƙwai da barkono. Ban riƙe kowa ba, don rashin sani ya fi dare duhu. Kwana ashirin da takwas kuka gada. Ni Barkati na yanke muku bakwai!"

"Sha huɗu ka ce," in ji Julak Asmuni.

"A hankali ake hawa tsani, Julak."

Nini Mastika ta matso tana dogara sanda, kunnenta a kan kwandon. Fuskarta ta canza.

"Barkati, ɗaga zanen nan."

"Uma, a ruwa ake gane agwagwa. Bismillahi!"

Ya fizge zane, ya kifar da kwandon cikin kogi gaba ɗaya.

 Ƙananan abubuwa talatin da shida suka watsu a kan ruwa suna fafaniya, suna tsala kuka, babu mai iyo ko ɗaya.

"Kaji ne!" Nini ta ƙwala ihu da muryar da ba a san tana da ita ba. "'Yan tsaki ne, ku jama'a! Ku tsamo su!"

Maza suka yi ta dirowa ruwa da kayan Juma'arsu. Wani na kamfata da hula, wani da takalmi, ladan ya cire rawaninsa ya shimfiɗa kamar koma. Mai gari ya tattare zane ya faɗa, ya fito da biyu a hula, ɗaya a aljihu. Acil Rusmini tana bakin katako tana karɓa tana zubawa a haɓar zanenta.

Shi kuwa Amang Barkati yana sama yana daka tsalle.

"Ku bar su! Ku bar su su jiƙa! Yanzu bakin zai baje! Ranka ya daɗe, mayar da wannan, bai gama ba!"

Ya sunkuya don ya duba ko ƙafar wani ta fara haɗewa, gwiwar nan tasa ta ce ba da ita ba. Tsulum! Injiniya ya bi agwaginsa. Ya nutse ya taso yana bugun ruwa.

"Wayyo! Ban iya ruwa ba! Maman Saniah, ki yafe mini!"

Julak Asmuni yana tsaye kusa da shi, ruwa iya cibiya, da ɗan tsako a kowane hannu.

"Amang, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ruwa bai kai masa ƙirji ba. Ciyawar ruwa na rataye a kunnensa, birukansa uku suna tafiya da igiyar ruwa.

"To tsaya haka, kada ka fito tukuna," in ji Julak. "Jama'a, ku duba mini bakinsa. Ya fara bajewa?"

Dariyar da aka yi ranar, har agwagin gari sai da suka amsa daga ƙarƙashin gidaje. Mai gari ya zauna a kan katako yana riƙe da ciki, matarsa kuwa a can kan gada mayafi ta cusa a baki, kafaɗunta na rawa.

Nini Mastika ba ta tsaya dariya ba. Ta sa aka kai mata 'yan tsakin gida a guje, ta tsane su da tsumma, ta nutsa su cikin ɓuntu mai ɗumi. Kafin la'asar duk talatin da shida sun bushe sun miƙe suna tsattsagar tsaki. Amang Barkati yana rakuɓe a kusurwar baranda cikin zanen matarsa, yana atishawa. Tun da ya zo garin, ranar ce aka fara ganin bakinsa a rufe.

Can ya ce a hankali, "Maman Saniah, ƙarfe nawa kwalekwale yake tashi?"

Ta dube shi, ta dubi kwandon. Ta ɗauki ɗan tsako ɗaya ta juya shi a tafin hannu.

"Uma, lafiyayyu ne?"

"Lafiyayyu ne," in ji tsohuwa, kamar ana zare mata maganar. "Ƙwai arba'in, talatin da shida sun fito. Wanda ya juya su bai yi ha'inci ba. Hannun yana da kyau. Kan ne dai."

Acil Rusmini ta miƙa wa mijinta shayi mai citta. "Sha. In ka tafi, wa zai yi mini kiwon 'yan Holand?"

Kowa ya ɗauka zai yi sati bai fito ba. Washegari da hantsi sai ga shi a rumfar Julak, ya hau bencinsa ya harɗe. Kowa na jiran wanda zai fara. Shi ya fara.

"Tambaya ɗaya zan yi muku, ku ba ni amsa tsakani da Allah. Tun kafuwar garin nan, kakanninku da kakannin kakanninku, wa ya taɓa zuba ƙwan agwagwa ya kwashi kaji?"

Julak Asmuni ya yi tunani sosai. "Babu."

"To!" in ji Amang Barkati, ya buga benci. "Kuma wannan somin taɓi ne. Ku jira ku ga abin da zan fitar daga ƙwan kaza."

Julak ya waiga wajen tebur. Ya miƙa hannu a hankali ya ɗauke tiren ƙwan da ke kan tebur, ya tura shi ƙarƙashin benci, ya zauna a kan bencin yana gadinsa.